Finafinan Yesu da Suka Raba Kan Masu Bi a Turai da Amurka

A wannan yanki namu, in aka ce "fim ɗin Yesu", kowa ya san wanda ake nufi. Shi ne wanda aka yi a shekarar 1979 bisa Bishara ta hannun Luka, aka juya shi cikin Hausa da sauran harsuna masu yawan gaske, aka kuma riƙa yawo da shi ƙauye-ƙauye da majigi da janareta, ana kafa farin ƙyalle a filin makaranta ko a harabar majami'a. Wannan fim bai jawo gardama a tsakaninmu ba, domin bai kauce wa abin da muke ji ana karantawa ranar Lahadi ba. Amma ba shi kaɗai aka yi a kan Ubangijinmu ba. A ƙasashen Turai da Amurka an yi waɗansu da suka raba kan ikkilisiya gida biyu, wannan bishop ya yaba, wancan ya yi tir, aka shiga kotu, a wani wuri ma har aka cinna wa gidan silima wuta.

Galibin waɗannan finafinai irin waɗanda masana ke kira finafinan fasaha ne. Watau ba domin cika aljihu aka yi su ba, mai yin fim ɗin yana da wani tunani ne da yake so ya bayyana ta hanyar hoto, kamar yadda marubuci ke yi da alƙalami. Kuɗin da ake kashewa a kansu kaɗan ne, akan kuma nuna su a ƙananan gidajen silima da kuma wuraren gasar finafinai ta shekara-shekara, irin ta birnin Venis a Italiya, da ta Cannes a Faransa, da ta Berlin a Jamus. A can ne alƙalai ke zama su ba da lambobin yabo, a can ne kuma yawancin rigimar ke tashi. Tambayar da ta fi damun Kiristocin waɗannan ƙasashe ita ce: shin fim zai iya zama gwanin kyau ta fuskar fasaha alhali yana ɓata wa masu bi rai? In haka ta faru, me ya kamata mai bi ya ce?

Marar bi da ya karanta Matiyu

Bari mu fara da Pier Paolo Pasolini, mutumin Italiya da aka haifa a 1922, mawaƙi kuma marubuci, wanda ya rungumi ra'ayin gurguzu, yana kuma faɗa a fili cewa shi ba mai bi ba ne. A 1963 an gurfanar da shi gaban kotu a Roma saboda wani ɗan gajeren fim mai suna La ricotta. Labarin fim ɗin na wani matalauci ne da aka ɗauka haya domin ya fito a matsayin ɓarawon kirki da aka gicciye tare da Yesu, yunwa ta sa ya ci cuku ya wuce kima, ya mutu da gaske a kan gicciyen wasa ba wanda ya lura. Pasolini ya ce masu arziki da ke wasa da sunan Almasihu suna take talaka yake suka. Mai gabatar da ƙara ya ce addinin ƙasa ya wulaƙanta. Aka yanke masa ɗaurin wata 4, ko da yake bai shiga kurkuku ba.

To, wannan mutumin ne ya fito da fim a kan rayuwar Yesu a shekarar da ta biyo baya. Asalin abin kuwa tun watan Oktoba na 1962 ne, sa'ad da wata ƙungiyar Katolika ta gayyace shi garin Assisi domin tattaunawa da masu fasaha. Zuwansa ya yi daidai da ziyarar Paparoma John na 23, gari ya cika maƙil, hanyoyi suka toshe. Yana zaune a masauƙinsa sai ya ɗauki Sabon Alkawari da ya tarar a ɗakin, ya karanta Bishara ta hannun Matiyu daga farko har ƙarshe. Abin da ya karanta ya kama shi ƙwarai, har ya ƙudura zai mai da shi fim ba tare da ya sa wa Yesu wata kalma tasa a baki ba.

A 1963 ya je Ƙasa Mai Tsarki domin duba wuraren ɗaukar hoto, amma ya ga zamani ya sake fuskar ƙasar. Sai ya koma kudancin Italiya, yankin talakawa manoma, musamman tsohon garin Matera inda gidaje suke cikin kogunan dutse. Bai ɗauki shahararrun 'yan wasa ba. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Sifen mai shekara 19, Enrique Irazoqui, shi ya fito a matsayin Yesu. Manoma da makiyaya da abokansa marubuta suka zama almajirai da taron jama'a, mahaifiyarsa Susanna kuma ta fito a matsayin Maryamu a gindin gicciye. Fim ɗin baƙi da fari ne, ba ado, ba ƙyalƙyali. A wajen kiɗa ya haɗa na Bach da Mozart da waƙoƙin ibada na baƙar fatar Amurka, ya kuma sa Missa Luba, watau waƙar sujada ta ƙasar Kwango da ake rerawa da ganguna. Ya sadaukar da aikin ga tunawa da Paparoma John na 23, wanda ya rasu a 1963.

Da aka nuna fim ɗin a gasar Venis ta 1964, waɗansu matasa masu ra'ayin riƙau suka yi ta ihu a ƙofa tun ba su gani ba, domin a ganinsu ɗan gurguzu ba zai taɓa Bishara ya bar ta da tsarki ba. Amma da fim ya ƙare, sai ga shi ya sami lambar yabo ta musamman daga alƙalan gasar, ya kuma sami ta Ƙungiyar Silima ta Katolika ta Duniya, wadda ake kira OCIC a taƙaice. Abin mamaki, suka mafi zafi daga 'yan'uwansa masu ra'ayin gurguzu ta fito. Suka ce ya sayar da kansa ga ikkilisiya, gama ya nuna haihuwar budurwa, da warkar da kuturu, da tafiya a kan ruwa, da tashi daga matattu, duka yadda Matiyu ya rubuta, bai yi ƙoƙarin musanta ko ɗaya ba.

A cikin masu bi ma ra'ayi bai zo ɗaya ba. Waɗansu suka ce Yesun Pasolini ya cika tsanani, yana tafiya da sauri, yana jefa magana kamar mai jawabin siyasa, ba ya murmushi sai ga yara ƙanana. Suka ce sun ga mai tsawata wa Farisiyawa, amma ba su ga makiyayi mai taushin zuciya sosai ba. Waɗansu kuwa suka amsa cewa duk wanda ya karanta Matiyu sura 23 ya san wannan zafin yana nan a rubuce, finafinan Hollywood ne suka saba mana da Yesu mai laushi da gashi a gyare, har muka manta. A 1995, lokacin cikar silima shekara 100, ofishin Fatikan mai kula da harkokin sadarwa ya fitar da jerin manyan finafinai 45, wannan yana ciki. A 2014 kuma jaridar Fatikan, L'Osservatore Romano, ta bayyana shi a matsayin wanda wataƙila ya fi kowane fim da aka taɓa yi a kan Yesu.

Lambar yabon da aka yi da-na-sanin bayarwa

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan Pasolini da ikkilisiya sun zama aminai. A 1968 ya kawo wani fim mai suna Teorema. Labarin wani baƙo ne saurayi, ba a san daga inda ya fito ba, ya sauka a gidan wani attajiri a birnin Milan, ya yi lalata da kowa a gidan, sa'an nan ya tafi. Bayan tafiyarsa rayuwar kowannensu ta wargaje. 'Yar gidan ta sandare aka kai ta asibiti, maigidan ya ba ma'aikata masana'antarsa ya shiga hamada yana kururuwa, baiwar gidan kaɗai ta koma ƙauyensu ta zama kamar waliyyiya.

Alƙalan OCIC a Venis, a ƙarƙashin wani limamin Jesuit ɗan Kanada mai suna Marc Gervais, suka ba fim ɗin lambarsu. Hujjarsu ita ce misali ne na abin da ke faruwa sa'ad da wani abu daga wajen Allah ya ratsa gidan da dukiya ta zama gunkinsa. Amma Paparoma Paul na 6 ya nuna ɓacin ransa a fili, hukuma ta kama fim ɗin bisa zargin batsa, kotu ta wanke shi, a 1969 kuma shugabannin OCIC suka nisanta kansu daga lambar da alƙalansu suka bayar. Ga mutane masu bangaskiya ɗaya, sun kalli hoto ɗaya, wani ya ga wa'azi, wani ya ga ƙazanta.

Irin wannan ya sha faruwa. A 1961 fim ɗin Luis Buñuel ɗan ƙasar Sifen mai suna Viridiana ya ci babbar lambar Cannes. A cikinsa akwai inda mabarata suka bugu suka jeru a tebur daidai yadda Leonardo da Vinci ya zana Jibin Ubangiji. Jaridar Fatikan ta kira shi saɓo, gwamnatin Franco ta hana nuna shi a Sifen har 1977. Duk da haka wani fim na Buñuel ɗin nan, Nazarín na 1959, labarin wani limami matalauci a Meziko, ya shiga jerin Fatikan na 1995. Haka kuma a 1985 Jean-Luc Godard ya yi fim da ya kawo labarin Maryamu cikin zamaninmu, ya mai da ita 'yar mai gidan sayar da fetur, Yusufu kuma direban tasi. Paparoma John Paul na 2 ya yi tir da shi, ya ce ya raunata zukatan masu bi, amma a gasar Berlin alƙalan ikkilisiya sun yaba masa, domin a ganinsu ya riƙe haihuwar budurwa da muhimmanci a zamanin da mutane da yawa ke yi mata dariya.

Ɗan ikkilisiya da ya bar Bishara ya bi littafin ƙage

Babbar rigima duka ita ce ta 1988. Martin Scorsese Ba'amurke ne da ya tashi a gidan Katolika a New York, ya yi hidimar bagadi yana yaro, har ya shiga makarantar share fagen zama limami na ɗan lokaci. Wanda ya rubuta masa wasan, Paul Schrader, ya tashi ne a ikkilisiyar Reformed mai tsananin riƙo da koyarwar Calvin. Fim ɗinsu, wanda a Turance ake kira The Last Temptation of Christ, watau jarabar ƙarshe ta Almasihu, an ɗauko shi ne daga wani littafin ƙagaggen labari na Nikos Kazantzakis, marubuci ɗan ƙasar Girka. Tun a farkon fim ɗin an rubuta cewa ba a kan Bishara aka gina shi ba. Kamfanin Paramount ya fara ɗaukar nauyin aikin, ya janye a 1983 saboda wasiƙun ƙorafi, daga baya Universal ya karɓa, aka ɗauki hoton a Maroko da kuɗi kimanin dala miliyan 7.

Ga abin da ke ciki a taƙaice. An nuna Yesu kafinta ne mai sassaƙa wa Romawa gicciye, yana cikin ruɗu da tsoro, bai tabbata ko muryar da yake ji ta Allah ce ba. Yahuza ne ya fi kowa kusa da shi, Yesu da kansa ya roƙe shi ya bashe shi. A kan gicciye wata yarinya ta zo ta ce ita mala'ikan tsaronsa ce, Allah ya ce wahalar ta isa. Ta sauko da shi, ya auri Maryamu Magadaliya, bayan rasuwarta ya zauna da 'yan'uwan Li'azaru mata, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa. Yana bakin mutuwa Yahuza ya zo ya tsawata masa, ya tona cewa yarinyar nan Shaiɗan ne. Sai Yesu ya roƙi Uba ya mai da shi, ya sami kansa a kan gicciye, ashe duk abin nan wahayin jaraba ne, ya ƙi shi, ya mutu ya cika aikin ceto.

Tun kafin fim ɗin ya fito wuta ta kama. Bill Bright, shugaban ƙungiyar Campus Crusade for Christ, ita ce kuwa ƙungiyar da ta ɗauki nauyin fim ɗin Yesu da muka sani da Hausa, ya yi tayin biyan Universal abin da ya kashe domin a ba shi fim ɗin ya hallaka shi. Kamfanin ya ƙi, ya buga amsarsa a jaridu. Ranar 11 ga Agusta 1988 dubban Kiristoci suka yi zanga-zanga a ƙofar kamfanin a Los Angeles, kashegari aka fara nuna fim ɗin. Ƙasashe da dama sun hana shi. A ƙasar Chile maganar ta kai har kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar Amurka, wadda a 2001 ta yanke cewa hanin bai dace ba.

Hujjar kowane ɓangare

Masu kare fim ɗin, cikinsu har da Paul Moore, bishop na ikkilisiyar Episkofal a New York, sun tsaya ne a kan koyarwar da Majalisar Kalsidon ta tabbatar a shekara ta 451, cewa Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum. Suka ce Kiristoci da yawa sun riƙe rabin farko sun saki na biyu, har suna ɗaukar jarabar da Yesu ya sha kamar wasan kwaikwayo ce da ba ta taɓa shi ba. Suka kawo Ibraniyawa 4:15, inda aka koya mana cewa babu irin gwajin da muke sha da bai sha ba. A ganinsu, in mutum yana da shekara 30 da 'yan kai, jarabar da ta fi ƙarfi ita ce ta zama da iyali cikin kwanciyar rai, fim ɗin kuwa ya nuna girman abin da Yesu ya bari dominmu. Shahararren mai sharhin finafinai Roger Ebert ya ba shi cikakken maki, aka kuma sa sunan Scorsese cikin masu takarar lambar Oscar ta gwanin darakta. Kiɗan da Peter Gabriel ya shirya, wanda muryar Youssou N'Dour na Senegal take ciki, ya ci lambar Grammy.

Masu suka suka ce a karanta ayar nan har ƙarshenta, gama ta ƙare ne da cewa bai yi zunubi ba. Yesun fim ɗin yana kiran kansa maƙaryaci da matsoraci, yana neman gafarar laifinsa, yana taimakon masu gicciye 'yan'uwansa Yahudawa. Wannan ya wuce jaraba, ya zama faɗuwa. Wanda yake bukatar a gafarta masa kuwa ba zai zama hadaya marar aibi domin waɗansu ba. Suka ƙara da cewa ita kamara ba ta san wahayi ba: abin da aka nuna wa ido an nuna, ko da daga baya an ce mafarki ne, hoton Ubangiji a gadon aure ya riga ya zauna a zuciyar mai kallo.

Akwai kuma kashi na uku, waɗanda suka ce a ajiye maganar saɓo tukuna, fim ɗin kansa bai yi kyau ba. Ofishin finafinai na bishop-bishop ɗin Katolika na Amurka ya sa shi cikin jerin waɗanda ba su dace da ɗabi'a ba, amma a sharhinsa ya ce rashin gwaninta ne ya kayar da shi fiye da ƙiyayya ga addini. Waɗansu suka ce ya yi tsawo, kusan sa'a 2 da minti 45, surutu ya yi yawa, Yahuza kuma yana magana da harshen 'yan unguwar New York. Harvey Keitel da ya fito a matsayin Yahuza har an sa sunansa cikin takarar lambar ba'a da ake ba 'yan wasan da suka fi kowa kasawa a shekara. Ka ga ke nan ko a tsakanin masana, fim ɗaya ya shiga takarar yabo da ta ba'a a lokaci guda.

Daren da aka cinna wuta a Paris

A daren 22 ga Oktoba 1988 waɗansu matasa 'yan Katolika masu tsattsauran ra'ayi suka sa wuta a gidan silima na Saint-Michel a birnin Paris, inda ake nuna fim ɗin. Mutane fiye da 10 suka ji rauni, 4 daga cikinsu suka ƙone ƙwarai. Kadinal Jean-Marie Lustiger, babban bishop na Paris, wanda shi kansa ya soki fim ɗin tun da fari, ya fito ya ce masu wannan aiki ba halin Kirista suka nuna ba, halin maƙiyan Almasihu ne. Mu da muke zaune a arewacin Nijeriya ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan abin da wuta ke yi in an kunna ta da sunan kare addini.

Hayaniyar ma ba ta biya bukatar masu yinta ba. Fim ne da a ka'ida 'yan ƙalilan za su kalla a ƙananan gidajen silima, amma zanga-zanga ta zame masa talla, mutane suka yi dogon layi domin su ga abin da ake faɗa a kai. Shi kuwa Scorsese bai daina kokawa da maganar bangaskiya ba. A 2016 ya fito da Silence, labarin Kiristocin Japan da aka tsananta musu a ƙarni na 17, aka nuna shi ga limaman Jesuit a Roma, Paparoma Francis kuma ya karɓe shi a Fatikan.

Me za mu ɗauka a ciki?

Wani zai ce ina ruwanmu da rigimar Turawa. Amsa ita ce, fim ɗin da dā sai an je Paris ko New York a gan shi, yau yana iya shigowa wayar ɗanka ta intanet yana kwance a ɗaki. Ɗalibanmu a jami'o'i suna haɗuwa da irin waɗannan ayyuka, suna kuma zuwa wurin fasto da tambayoyi. In amsar da za mu ba su ita ce "an ce saɓo ne" kawai, ba za ta riƙe su ba.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne tambayoyi biyu ne a nan, kuma yawancin rigimar ta taso ne daga cuɗa su wuri ɗaya. Ta farko: an yi aikin da gwaninta? Ta biyu: abin da ya faɗa a kan Almasihu gaskiya ne? Masu zanga-zanga da yawa sun ga amsar ta biyu a'a ce, sai suka ce ai fim ɗin shara ne, ba fasaha a cikinsa, alhali da yawansu ba su gan shi ba. Masana da yawa kuma sun ga amsar ta farko i ce, sai suka ɗauka duk mai ƙorafi jahili ne. Mai bi yana iya cewa kiɗan fim ɗin Scorsese da hotonsa sun ƙayatar, ya kuma ce Yesun da ke ciki ba shi ne na Bishara ba, bai yi wa kowa ƙarya ba. A ra'ayin wannan shafi, masu sukar fim ɗin sun fi gaskiya a kan koyarwa, gama Almasihu marar zunubi shi ne tushen cetonmu. Amma masu kare shi sun taɓo wani ciwo na gaske, domin sau da yawa wa'azinmu yakan manta da Yesun da ya ji yunwa, ya gaji, ya yi kuka a kabarin abokinsa, ya yi fama a Getsamani.

Abu na biyu, addinin mai yin fim ba shi ne ma'auni ba. Da za a auna da wannan, da an ƙi na Pasolini an karɓi na Scorsese, ga shi kuwa marar bin ne ya tsaya a kan kalmomin Matiyu, ɗan ikkilisiyar ya bi littafin ƙage. Littafi Mai Tsarki ya riga ya nuna mana Allah yana aiki ta hannun wanda ya ga dama: Sairus sarkin Farisa bai san shi ba, amma ta hannunsa aka komo da jama'ar Allah daga bauta, Kayafa kuma ya yi annabcin mutuwar Yesu ba da saninsa ba. Bulus ma a Filibiyawa sura 1 ya yi murna da ana shelar Almasihu ko da niyyar waɗansu masu shelar ba ta da kyau. Haka nan yabon aiki ɗaya bai zama yabon dukan ayyukan mutum ba. Fim ɗin Pasolini na ƙarshe, Salò, wanda ya fito a 1975, shekarar da aka kashe shi, cike yake da azabtarwa da batsa har ƙasashe da dama suka hana shi, ba kuwa abin da za a kawo gidan mai bi ba ne.

Abu na uku, Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma wannan bai wajabta wa kowa kallon kome ba. Bulus ya yi mana gargaɗi a 1 Korantiyawa sura 8 a kan lamirin ɗan'uwa rarrauna, akwai kuma hotunan da in sun shiga zuciya ba su fita da sauƙi. Uba yana da iko ya ce wannan ba za a kalle shi a gidansa ba, ba ya kuma bukatar neman gafarar kowa. Sai dai wanda zai hau bagadi ko ya ɗauki alƙalami ya yanke wa aiki hukunci a gaban jama'a, wajibi ne ya san ainihin abin da ke ciki, kada ya dogara ga jita-jita. Shaidar zur ba ta zama halal domin an yi ta a kan wanda muke ƙi. Zai yi kyau makarantunmu na tauhidi su horar da waɗansu da za su iya wannan bincike, su bayyana wa ikkilisiya cikin harshen da za ta gane.

Game da wuta kuwa, Ubangiji ya riga ya yanke magana. Sa'ad da wani ƙauyen Samariyawa ya ƙi karɓarsa, Yakubu da Yohanna suka nemi izini su kira wuta daga sama, ya juya ya tsawata musu, suka wuce wani ƙauye, kamar yadda yake a Luka sura 9. Wanda ya ce wa Bitrus ya mai da takobinsa kube a daren da aka kama shi ba ya bukatar ashanarmu. In fim ya yi ƙarya a kansa, muna da bakin faɗar gaskiya, muna da ikon ƙin saye, muna kuma da matasa masu basira da za a iya ƙarfafa su su koyi aikin kamara su ba da labarin Bishara da kyau cikin Hausa. Pasolini ya yi nasa da manoma da tsofaffin gidajen dutse da gangunan Kwango, bai jira kuɗin Hollywood ba.

Allah ya ba shugabanninmu hikimar rarrabewa, ya tsare zukatan 'ya'yanmu, ya kuma sa mu san Ɗansa yadda yake a cikin Maganarsa. Amin.